Kar-a-Motsa da Muryar Malama

A shekarar da aka sa wa makarantar bayan kasuwa rufin kwano ne mai hoton nan ya fara haɗuwa da Hedimasta. Lokacin Hedimasta bai zama hedimasta ba. Malamin aji huɗu ne, siriri, mai karin guga a wando kamar bakin wuƙa, da alƙalami biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi. Shi kuwa mai hoton saurayi ne da bai daɗe da barin hannun ubangidansa ba. A kan keke ya zo, ya ɗauro akwatin hoto a baya, da ƙafafunsa uku na katako, da baƙin ƙyallen da ake lulluɓa a ka. An kira shi ne ya ɗauki hoton ƙarshen shekara.

Yara suka ƙi tsayuwa wuri ɗaya. Wannan na sosa ƙeya, wancan na mintsinin na gabansa. Malamin aji huɗu ya yi ta tsawa, ba wanda ya kula shi. Sai wata malama ta leƙo daga aji ɗaya da alli a hannu, ta ce, "Kai!" sau ɗaya tak. Har tantabarun da ke kan sabon kwanon suka tashi. Yara suka sandare. Mai hoto ya cusa kai cikin ƙyalle yana cewa, "Yawwa, kar a motsa, kar a motsa." Tun daga ranar yara suka laƙaba masa Kar-a-motsa, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Malamar aji ɗayan nan ita malamin aji huɗu ya aura daga baya, kuma Kar-a-motsa ne ya ɗauki hoton.

Ɗan kafinta ne, abin da ya gada a wurin mahaifinsa shi ne haƙuri da auna abu kafin a taɓa shi. Shagonsa ciki biyu ne, tsakanin kemis da mai gyaran rediyo. A cikin na gaba akwai labule mai zanen bene da teku, da kujera mai hannu, da furen roba, da madubi, da kwat ɗaya ta aro wadda rabin mazan unguwar suka sa a hoton neman aiki. Na baya shi ne ɗakin wankin hoto: jan ƙwan lantarki, da tasoshin magani, da igiyar shanya. A nan ya koyi wata ɗabi'a da ba ta taɓa cutar da kowa ba tsawon shekaru, wato magana shi kaɗai. In yana aiki bakinsa ba ya hutawa. "Fito mana. Yawwa. Ɗan ƙara. Kai, wannan hancin." Matarsa, mai ɗinki ce, takan ce ta daɗe tana zaton wani ya ɓoye a ɗakin.

Da wannan shago ya aurar da ƙannensa, ya sa 'ya'yansa a makaranta, duk kuwa ta hannun Malama suka bi. Kowace yamma Hedimasta kan biyo ta ƙofar, ya zauna a benci, su taɓa hira shi da Kar-a-motsa da Mai Rediyo. Shi Mai Rediyo gajere ne mai tsokana, kunnensa kamar na zomo, yana iya gaya maka abin da ke damun rediyo tun kana bakin titi da ita.

Sai zamani ya juya. Fim ɗin da ake sa wa kyamara ya yi wuya, maganin wanki ya ɓace daga kasuwa, kowa ya sami kyamara a aljihunsa. Kwat ɗin aro ta yi ƙura a jikin ƙusa. Kar-a-motsa bai yi ƙorafi ba, amma ya fara rufe shago da wuri. Auta, 'yarsa ta ƙarshe da ke aikin jinya a wani gari, ita ta lura. Da ta zo hutu ta ajiye masa kwali a kan tebur.

"Baba, kyamara ce, irin wadda ake canja wa gilashi, kamar taka ta da. Amma wannan har bidiyo take ɗauka. Yanzu shi mutane ke nema."

Ya juya kyamarar a hannu, ya ji nauyinta, ya kai ido. "Ni da na ƙare rayuwata ina hana mutane motsi, yanzu kuma in ce su motsa?"

"Sai mu canja maka suna," in ji Mai Rediyo ta taga. "Daga yau kai ne A-motsa-kawai."

Ya koya kuwa, a tsanake, kamar yadda yake komai. Abu na farko da ya gane shi ne, bidiyo ba wani abu ba ne illa hotuna ashirin da biyar a jere cikin daƙiƙa ɗaya, kuma in ana so motsi ya fito kamar yadda ido ya saba gani, saurin ƙyaftawar kyamara ya zama ninkin wannan, a bar shi a nan kar a ƙara taɓa shi. In rana ta yi yawa, sai a ɗaura wa gilashin baƙin tabarau. Ya hana kyamarar neman fuska da kanta, don ya ga tana kai da komo kamar mai neman allura, hoton ya yi dishi-dishi ya dawo. Da yatsunsa yake saita ta. Kafin ya fara kowane aiki sai ya nuna mata farar takarda, don ta san mene ne fari a ɗakin, kar fuskoki su fito kore. Tsofaffin ƙafafun katakon nan ya fito da su, ya sa aka yi musu sabon kai. Yakan ce wa masu yawo da kyamara a hannu kamar tocila, "Ku ajiye ta. Mutum ne zai motsa, ba ɗaki ba."

Wanda ya fi ba shi wahala shi ne sakin maɓalli. Hannunsa ya saba da ƙyas ɗaya a gama. Bidiyonsa na farko duk guntaye ne, mutum ya buɗe baki ke nan sai a yanke. Da ƙyar ya koya wa kansa ya fara ɗauka kafin abin ya faru, ya kuma ja numfashi biyu bayan an gama kafin ya tsayar, don a sami wurin sa almakashi wajen tacewa. Tacewar kuwa a wata tsohuwar kwamfuta yake yi, wadda ya ajiye a ɗakin wankin hoto, a inda tasoshin magani suke a da. Bukukuwan da ya fara ɗauka duk kiɗa ake ɗora musu daga baya, don haka ba a taɓa samun wanda ya kawo ƙara ba. Haske dai nasa ne, ba mai ja da shi a kai.

Ana nan, wata yamma Hedimasta ya zo ya zauna a benci. Ya daɗe da yin ritaya, amma alƙaluman nan biyu suna nan a aljihu. Sai da Mai Rediyo ya shiga shagonsa sannan ya yi magana.

"Abokina, Malama ce. Likita ya ga ƙari a maƙogwaronta. Za a yi mata aiki mako mai zuwa. Sun ce rai ba ya cikin haɗari, da yardar Allah, amma muryar ba su yi alkawari ba."

Kar-a-motsa ya juya abin a ransa. Malama ba murya, kamar a ce kasuwa ba mutane.

"Tana so ka ɗauke ta tana magana," in ji Hedimasta. "Saboda jikoki. Ƙaramar da aka haifa wa babban ɗanmu can nesa ko zama ba ta fara ba. Ta ce ba ta yarda yarinyar ta tashi ba ta san kakarta ta taɓa yin surutu ba."

Washegari da hantsi ya je da kayansa. Falon Hedimasta ya san shi kamar tafin hannunsa: kujeru masu rigar saƙa, kabad ɗin littattafai, agogon bango, firiji a lungu, fanka a sama. Ya dudduba, ya ga hasken da ke shigowa ta tagar titi ya fi kowanne taushi. Ya buɗe tagar gaba ɗaya, ya zaunar da Malama kusa da ita a karkace, haske ya kwanta mata a rabin fuska. Ya ja kyamara baya har jikin bango, ya sa dogon gilashi, don kabad ɗin da ke bayanta ya narke, ita kaɗai ta fito tar.

"Mai akwati," in ji Malama, don ita ba ta taɓa kiransa da sunan da yara suka sa masa ba, "ka yi nisa haka, za ka ji ni?"

"Malama, ke da ake ji daga bakin kasuwa?"

"A da ke nan. To, in fara?"

Ta fara. Ta yi maganar mahaifiyarta, da ranar da ta fara riƙe alli, da yadda Hedimasta ya yi wata uku yana aron abin goge allo a ajinta alhali akwai a nasa. Ta rera waƙar ƙirga da ta ƙago wa 'yan aji ɗaya. Ta kira jikoki ɗaya bayan ɗaya ta yi wa kowa nasiha da tsiya. In ta tsaya shan ruwa, Kar-a-motsa sai ya juya kyamara ya ɗauki hannuwanta a kan cinya, da tabaraunta a kan tebur, da ƙeyarta tana kallon titi, da fuskar Hedimasta yana sauraro. Da aka gama ya duba ɗan allon bayan kyamara. Bai taɓa ɗaukar abu mai kyan wannan ba. Ya ce musu, "An gama, ba sai an sake ba." Ya koma shago ya kwafe abin da ke katin kyamarar wuri biyu, kamar yadda ya saba, ya ajiye sai ya sami natsuwar tacewa.

Sai bayan an kwantar da Malama a asibiti ya zauna a gaban kwamfuta. Ya kira Mai Rediyo ya haɗa masa lasifika, don ta kwamfutar ta mutu tun tuni bai damu ya gyara ba. Hoto ya fito, Malama ta buɗe baki. Abin da ya fito daga lasifika shi ne ƙarar injin walda daga tsallaken titi, da fanka tana fal-fal-fal, da gurnanin firiji. A saman duk wannan kuma, kusa, ɓaro-ɓaro, muryar wani tsoho: "Yawwa. Haka. Ɗan ɗaga haɓa. Kai, wannan haske. Kar a motsa." Har numfashinsa ana ji, har kartar yatsunsa a jikin gilashi. Muryar Malama tana can ƙasa kamar daga cikin rijiya, kalma ɗaya ta fito, biyar su nutse.

Mai Rediyo, wanda bai taɓa barin damar tsokana ta wuce shi ba, ko murmushi bai yi ba. Ya tambaya, "Ina makirfon yake?"

Kar-a-motsa ya nuna wasu 'yan ƙofofi kamar na allura a saman kyamarar.

"Wato a bakin hancinka. Ita kuma tana can bakin taga. Ba ka saurara ba kafin ka tashi?"

"Na duba."

"Ban ce ka duba ba, tsoho. Na ce ka saurara?"

Bai saurara ba. Shekara arba'in yana aiki da ido, kunnensa bai taɓa shiga cikin sana'ar ba. Mai Rediyo ya yi iya dabararsa, ya rage ƙarar fanka, ya danne ta walda, amma muryar Kar-a-motsa ta zauna daram a kan ta Malama, ba yadda za a ɗaga ɗaya a bar ɗaya.

Aikin asibiti ya yi kyau, Malama ta dawo gida da ƙafarta. Muryar ce ba ta dawo ba. Abin da ya rage mata raɗa ce, sai ka kai kunne. Kar-a-motsa ya je gaisuwa, ya zauna a bakin kujera, ya faɗa musu abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"To, ai ga ta nan da ranta," ya ce. "Shi muka roƙa, shi aka ba mu. Kar ka sa wa ranka damuwa."

Malama ta yafito shi da hannu. Ya matsa. Ta raɗa masa, "Na tambaye ka ko za ka ji ni." Sai ta yi dariya marar sauti, kafaɗunta na rawa, ta tura masa kofin shayi.

Da sun yi masa faɗa da ya fi samun sauƙi. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Hedimasta ya ci gaba da zuwa benci, Malama ta samo tsohuwar ƙararrawar makaranta tana kiran mijinta da ita, har unguwa ta saba. Amma duk lokacin da Kar-a-motsa ya ji ƙararrawar nan sai abin ya dawo masa sabo. Abu ɗaya matar nan ta roƙe shi a tsawon zamansu, ya ce mata an gama.

Ya mai da kansa ɗalibin Mai Rediyo. Ya sayi ƙaramar rikoda da makirfo mai maƙalawa a wuyan riga, da abin ji na kunne. Ya koyi cewa makirfo kusa da bakin mai magana yake zama, kamar taƙi ɗaya, kyamara kuwa ta je duk inda ta ga dama. Ya koyi tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, don wajen tacewa a ga inda hannu ya haɗu a hoto, a ga inda sautin ya yi tsini, a daidaita su. In ya shiga ɗaki yanzu, kafin ya dubi taga sai ya rufe ido ya ji abin da ɗakin ke faɗa, sannan ya sa a kashe fanka, a zare firiji. Bakinsa kuwa, matarsa ta ba shi shawara ya riƙa danne ɗan tsinke da haƙora.

"Shekara nawa ina neman maganin surutunka, Maigida," ta ce, "ashe tsinke ne."

Aiki ya dawo shago, har ya fi na da. Amma wannan bai biya Malama komai ba.

Hanyar ta buɗe ne ta wurin matar tasa. Wata rana da azahar tana kan keken ɗinki, tana ta latse-latsen waya tana neman hoton wani ɗinki, sai murya ta fashe a ɗakin: "Ke 'yar nan, juyo in gan ki! Ai wannan rigar ta fi ƙarfin ubanki!" Kar-a-motsa ya kusa faɗowa daga kujera.

"Wace ce wannan?"

"Malama mana. Bara ne, da ta zo karɓar rigar jikarta. Ta karɓi wayata wai za ta ɗauki yarinyar. Duba abin da ta ɗauka, don Allah."

Ya duba. Siminti ne, da ƙafar keken ɗinki, da babban yatsan Malama ya rufe rabin hoton. A matsayin hoto, shara ne. Amma muryar tana nan garau, cikakkiya, saboda ita ke riƙe da wayar, bakinta na kusa da makirfo. Abin da ya kashe masa aikinsa shi ne ya adana wannan. Ya daɗe yana kallon yatsan nan. Shi yana da hoto ba murya, ita kuma ta bar murya ba hoto, a warwatse cikin wayoyin mutane.

Malama irin matan nan ne da ba sa ganin waya a hannun wani su ƙyale. Ya fara bi gida-gida, yana tambaya a hankali, yana roƙon kar a kai maganar gidan Hedimasta, don bai san ko abin zai yiwu ba, kuma ba ya son ya sake cewa an gama. Mai kemis ya ba shi na ranar raba kyaututtuka, inda take kiran sunayen yara. Wata tsohuwar ɗalibarta mai sayar da kwanuka tana da inda suke rera waƙar ƙirga tare, suna dariya. Auta ta nemo masa babban ɗan Malama a waya, shi kuma ya turo saƙonnin murya rututu, rabinsu faɗa ne a kan ba ya kira, rabi kuma tambayar jaririya: ta fara murmushi, wa ta ɗauko, a shafa mata mai a ƙeya. Mai Rediyo ya tono wani kaset a ƙasan tarkacensa, na wata shekara da makaranta ta yi wasan kwaikwayo, ya wanke kan rikodarsa ya juyo shi cikin kwamfuta.

Sai aikin tacewa. A allon kwamfuta layi biyu ne, hoto a sama, sauti a ƙasa mai kama da haƙoran zarto. Ya goge sautin ranar nan gaba ɗaya, da waldar da fankar da surutunsa. Matsalar ita ce leɓe. In ya ɗora sabuwar magana a kan fuskarta tana wata maganar, ko yaro zai gane ƙarya ce, kuma shi ba ya son ya sa mata a baki abin da ba shi take faɗa ba. A nan 'yan guntayen da ya ɗauka lokacin shan ruwa suka yi rana. Muryarta tana tambayar jaririya, ido yana kan hannuwanta. Tana kiran sunayen yara, ido yana kan tabarau da kabad ɗin littattafai. Tana faɗan rashin kira, ga ƙeyarta tana kallon titi, kamar mai jiran wani. Fuskarta kuwa sai inda ta yi shiru, ko tana murmushi. Ya gano in ya bar murya ta riga hoto shigowa da ɗan kaɗan, ɗinkin ba ya nunawa. Wuri ɗaya ne ya yi sa'a: wata dariya daga wayar mai kwanuka ta hau dariyarta ta bakin taga cif, kamar tare aka haife su. Ya mai da wurin baya ya fi a ƙirga.

Mai Rediyo ya saurara da ido a rufe, ya girgiza kai. "Tsakanin magana da magana akwai rami. Shirun ya mutu. Ba ɗakin da ke yin shiru haka sai kabari. Je ka ɗauko shirun falonsu ka shimfiɗa a ƙasa."

Haka Kar-a-motsa ya je gidan Hedimasta da rikoda, ya ce sabon makirfo yake gwadawa, yana roƙon a ɗan yi masa shiru.

"Ban gane ba," in ji Hedimasta. "Me za ka ɗauka?"

"Shiru, ranka ya daɗe."

"Shiru. Ka baro shagonka ka zo gidana ɗaukar shiru." Ya juya wajen matarsa. "Malama, tsufa ya kama abokinmu."

Malama ta raɗa wani abu, Hedimasta ya kai kunne, ya tuntsire da dariya. "Ta ce ka zo inda ya dace, yanzu shi muke da shi da yawa."

Suka zauna su uku. Agogon bango na tafiya, wata kaza ta yi kuka can nesa, kujera ta ɗan yi ƙara. Malama ta zuba masa ido ta saman tabarau, irin kallon da take wa yaron da ya ɓoye abu a bayansa.

Da ya shimfiɗa shirun nan a ƙarƙashin komai, sai guntayen suka zama ɗaki ɗaya. Labarin mahaifiyarta da na abin goge allo sun tafi, ba inda ya same su, bai kuma yi ƙoƙarin ƙago su ba. Abin da ya samu bai kai rabin tsawon na farko ba. Wannan karon sai da ya saurara da abin kunne, ya saurara da lasifika, ya sa matarsa ta saurara, ta share ido da bakin mayafi ta ce zare ne ya shiga mata.

Ya kai musu bidiyon wata rana da la'asar. Ya tarar Hedimasta na karanta jarida, Malama na tsintar maɓallai a cikin gwangwani. Ya ce talabijin ɗinsu yake so ya ara ya gwada wani abu, tasa ba ta nuna launi daidai. Ya soka ɗan filashin kwamfutar da ya zuba bidiyon a ciki, ya danna, ya ce bari ya duba ko ya kulle kekensa. Ya fita ya tsaya a bakin ƙofa.

Muryar ta fito ta taga, ta tsallaka titi. Mai walda ya kashe injinsa ya ɗaga gilashin fuska. Wata mata da ke wucewa da bokiti ta tsaya cak. "Ikon Allah! Malama ta warke?" Kar-a-motsa ya ce mata talabijin ce. Ya duƙa yana taɓa sarƙar keken da ba abin da ya same ta, har waƙar ƙirga ta zo ta wuce, har dariyar nan, har aka yi shiru.

Hedimasta ya fito. Ya tsaya kusa da shi, hannu a baya, yana kallon titi. Ya yi gyaran murya.

"Ranar raba kyaututtukan nan," ya ce, "ba a inda ka sa ta ya kamata ta zo ba. Wasan kwaikwayon ya riga ta."

"Sai in gyara, ranka ya daɗe."

"A'a. Bar shi yadda yake." Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi. "Ɗan namu za a iya tura masa ta waya?"

"Auta ta nuna mini yadda ake yi."

Ƙararrawa ta kaɗa daga ciki. Suka shiga tare. Malama na zaune, gwangwanin maɓallai ya kife a kan cinyarta ba ta ma lura ba. Ta yafito Kar-a-motsa, ya kai kunne.

"Mai akwati, duk faɗan da na yi wa yaron nan sai da ka sa? Yarinya za ta ce kakarta masifaffiya ce."

"In cire, Malama?"

Ta kama masa hannun riga. "Ka taɓa ka gani. Sake sa mini daga farko, ka zauna. Maigida, kashe fankar nan."